Yatsu Biyu Tsakanin Taya da Ƙarfe

Babbar tur'a ta bi ta gabas da ƙauyenmu. Ita ce ke ɗauko ruwa daga kogi kusa da Suki ta rarraba wa gonaki. Faɗinta ba wani abin mamaki ba ne, amma tana da zurfi, kuma gefenta baƙar laka ce mai santsi wadda ba ta riƙe ƙafa. Ina 'yar firamare na ga an jawo wata boksi, motar a-kori-kura, daga cikinta da tarakta, ruwa yana tsiyaya ta tagogi. Manya suka kore mu, amma kafin a kore mu na ga hannun ƙofar a karye ta ciki. Tun ranar ban ƙara son tur'a ba.

Abin takaicin shi ne, ba yadda za a guje mata. Da damina ta kankama, hanyar ƙasa takan zama taɓo, sai kowa ya hau kan gaɓar tur'a, wadda aka cike da ƙasa ta yi tudu. Mota ɗaya take ɗauka. Hagu ruwa, dama gangara zuwa gonakin auduga. Manyan motoci sun haƙa ramuka biyu dogaye a kanta, tsakiya ta yi doro.

A shekarar da nake aji na biyu a Damazin ina karatun lissafi, yayana ya dawo daga Saudiyya, inda ya daɗe yana aiki a wurin wankin motoci. Mutane sun zata boksi zai saya kamar kowa, ya riƙa ɗaukar riɗi da dawa. Sai ga shi da wata jar mota mai ƙofa biyu, kwance a ƙasa kamar ƙadangare. Ta sha hannu kafin ta zo gare shi, amma a idonsa amarya ce. Inna ta zagaya ta sau ɗaya, ta leƙa ciki, ta ce, "Wagga mota ce ko takalmi?"

Ba motar kaɗai ba. A cikin kayansa akwai kwalaye huɗu da bai bari kowa ya taɓa ba. Jant ne a ciki, wato ƙarfen da ake sa wa taya, masu ƙyalli kamar sabuwar tasa, sun fi na motar girma da faɗi. Ya ce tun yana wanke motocin mutane yake kallon irinsu. Matsalar ɗaya ce: tsofaffin tayoyin ba za su hau su ba, kuma bai san girman da zai saya ba.

Ya same ni a rumfa ina karatu, ya ajiye wayarsa a kan littafina.

"Ustaza, ga aikinki ya zaka. Duk lissafin da kike yi, yau zai yi amfani."

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Amma idan aka ba ni lamba, ba na barinta sai na ga ƙarshenta. Na fita na tsuguna gaban tsohuwar tayar, na goge ƙurar da gefen mayafina. An rubuta 205/55, sai 16. Na yi ta bincike har na gane: ta farko faɗin taya ce, ta biyu kaurin robar daga jant zuwa ƙasa gwargwadon faɗin, ta uku girman jant ɗin. Sababbin 18 ne. Tunda jant ya ƙaru, dole roba ta ragu, don tsayin ƙafar gaba ɗaya ya tsaya yadda masu ƙera motar suka auna mata wuri. Na maimaita lissafin har na gamsu. Amsar ita ce 225/40.

Ranar kasuwa muka je Suki wurin wani bansharji, mai faci da sayar da taya. Da Yaya ya faɗi lambar, mutumin ya ciro ɗaya ya jingina ta da bango. Robar siririya ce, kamar an naɗa ɗamara a ƙarfe.

"Ya zol, bawan Allah, wannan ta kwaltar Khartum ce," in ji shi. "Doron tur'a zai kwashe maka cikin mota tun kafin ka kai gida. Nan kowa doguwa yake sawa."

Gaskiya ya faɗa. A wajenmu ba a tambayar wace taya ta dace, ana tambayar wacce ta fi tsawo, don cikin mota ya tsere wa doron hanya. Ya kawo mai lamba 55, ƙatuwa. Aka gwada ta, sitiyari ma ya ƙi juyawa har ƙarshe. Sai aka sauko tsakiya, 225/45. Yaya ya dube ni, bansharji ya dube ni, wasu masu shan shayi a gefe su ma suka juyo. Na ji kamar in nutse. Na ce a sa ta in gani.

Da aka sauke motar, na zura hannu tsakanin tayar baya da rafraf, ƙarfen nan da ya lulluɓe taya daga sama. Bakinsa a naɗe yake zuwa ciki, da kaifi kamar bakin gwangwani. Sabon jant ya turo tayar waje, ta zo daidai ƙarƙashin kaifin. Na sa Yaya ya hau bayan motar ya yi tsalle-tsalle, mutane suna dariya. Na sa bansharji da wani mai shayi suka shiga baya suka zauna. Na sake zura hannu. Yatsu biyu suka shiga, da kyar.

Na ja Yaya gefe na ce masa a hankali, "Za ta yi. Amma mutum biyu a baya, kuma babu kaya. In aka wuce haka, ƙarfen zai sauko kan roba."

"Ma fi mushkila, ba matsala," ya ce, yana shafa jant ɗinsa. "Wa zan ɗauka? Mota ce ta mutum da ƙanwarsa."

Ya manta, ni ma na manta, cewa a ƙauyenmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Ba a wuce mai tafiya a ƙasa. Wanda ya wuce dattijo a hanya da wurin zama a motarsa, ko da babu wurin ma, za a yi ta maganarsa har 'ya'yansa su girma.

Ba a daɗe ba aka yi suna a gidan ƙanwar Inna, a wani ƙauye can ƙarshen tur'a. Damina ta kusa ƙarewa, injunan ban ruwa suna aiki, tur'a ta cika taf. Muka fita da hantsi. Inna a gaba da sabon tob ɗinta, dogon mayafin da mata ke naɗawa, ni kaɗai a baya. A but ɗin motar akwai buhun sukari da jarkar mai, gudummawar Inna. Na lura da su, na lissafa su a matsayin mutum ɗaya, na ce ba komai.

Daf da hawa kan gaɓar, ƙarƙashin wata bagaruwa, muka hango Baffa, wan mahaifinmu, tare da matarsa da muke kira Gwaggo. Suna jiran babbar mota, su ma wurin sunan za su. Baffa ƙato ne, kunnensa ya yi nauyi, kullum da sandarsa mai kauri ta icen ƙirya. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gidan. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. Kusa da ƙafarsa akwai buhun dawa.

Yaya ya taka birki tun kafin su ɗaga hannu.

"Baffa, barka da hantsi. Ku shigo mana."

"Ina za mu shiga, ɗan nan? Cikin kwalbar turare?" in ji Baffa.

Aka yi dariya. Inna ta sauka ta ba shi gaba. Aka kwantar da kujera, ita da Gwaggo suka sunkuyo suka shigo baya, suka matse ni jikin bangon hagu. Na ji Yaya yana tura buhun dawa cikin but, na ji motar ta zauna. Da ya zagayo, na neme shi da ido ta madubi. Ya gan ni. Ya ɗan ɗaga kafaɗa, ya kau da kai. Me zai ce? Baffa ya zauna, aka mayar da kujera, aka rufe ƙofa. Sai a lokacin na kalli tagar da ke gefena da kyau. 'Yar ƙarama ce mai kusurwa uku, kuma ba a buɗe ta.

Muka hau gaɓa. Ruwan yana gefena, ja-ja, yana tafiya a hankali da ganyaye a kansa, kusa sosai har ina ganin kumfa a bakin laka.

A ramin farko na ji shi. Wani ɗan sauti ne daga ƙarƙashina, shuu, kamar an ja wuƙa a kan fata. Na ce wa kaina ciyawa ce. Rami na biyu, shuu. Na uku ya fi tsawo. Na san ba ciyawa ba ce. Na san ainihin abin da ke faruwa kamar ina kallonsa: duk lokacin da motar ta nutsa, kaifin rafraf yana sauka kan kafaɗar taya yana yanka. Kuma tayar da ke ƙarƙashina ita ce ta gefen ruwa. In ta fashe, can motar za ta karkata.

Na soma lissafin da ban so in yi ba. Ƙofa biyu. Kafin mu uku na baya mu fita, sai Baffa ya fita, sai an lalubi ƙarfen da ke kwantar da kujera, sai Gwaggo ta wuce, sai Inna, wadda gwiwarta ke ciwo, wadda ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunta ba. Na tuna hannun ƙofar boksin nan.

Yaya ya kunna waƙar yabon Annabi, ya ƙure ta don Baffa ya ji. Baffa yana buga sanda a ƙasa yana bi. Gwaggo tana ba Inna labarin wata da ta yi wa 'yarta lalle ya ƙi kamawa. Ba wanda ya ji komai sai ni.

Na matsa bakina kusa da kunnen Inna.

"Inna, nauyi ya yi yawa. Taya tana gogar ƙarfe."

Ta mintsine ni a cinya ba tare da ta juyo ba. "Rufa mani baki. Baffanki kike kira nauyi?"

"Inna, wallahi..."

"Na ce ki yi shiru."

Sai wari ya shigo, warin roba mai zafi, siriri, irin wanda ake ji in yara sun jefa silifa a wuta. Gwaggo ta ja hanci ta ce, "Wasu na ƙona shara a gona." Yaya ya ji hanya ta ɗan miƙe, ya ƙara wuta, yana son Baffa ya ga abin da motar za ta iya. Yanzu sautin ba ya yankewa. Na buɗe baki in kira shi, na ga ƙeyar Baffa da farin rawaninsa, na fasa. Duk kalmar da na nemo, ma'anarta ɗaya: wani ya sauka. Kuma ba ni ce mai nauyin ba.

Gaba kaɗan na hango inda gaɓar ta lanƙwasa, wurin da ruwa ya ci gefenta har hanyar ta tsuke. Na san wurin. Motoci sukan karkata hagu a nan.

Ban san daga ina dabarar ta zo ba. Na ji kaina na ɗaga murya, da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Yaya, amai! Zan yi amai a kujera!"

Da na ce taya, da ya ce ma fi mushkila. Amma kujerunsa, waɗanda yake gogewa da tsumma na musamman! Ya taka birki har Baffa ya dafa gilashi.

"Ki riƙe! Don Allah ki riƙe! Baffa, a yi haƙuri, a ɗan sauka."

Fitar ta ɗauki lokaci mai tsawo. Sandar Baffa ta harɗe a ƙofa. Ƙarfen kujera ya ƙi, sai da Yaya ya zagayo ya jijjiga shi. Tob ɗin Gwaggo ya kama wani abu. Duk wannan a busasshiyar ƙasa, da rana tsaka, ba mai gaggawa sai ni. Da na fito, ban tsaya ba. Na kama hannun rigar Yaya na ja shi zuwa bayan motar ta gefen ruwa, inda da kyar ƙafa biyu suke samun wurin tsayawa.

Ba sai na yi bayani ba. A kafaɗar sabuwar tayar akwai rami zagaye da ita, kamar an zana da aska. Ɓarɓashin roba ya manne a jikin jan fenti. Ya kai hannu, ya janye da sauri don zafi. A wuri ɗaya, cikin ramin, wani farin zare ya fara leƙowa.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya kalli ruwan, ya kalli ƙaramar tagar da na zauna a bayanta.

"Mi yaf faru?" in ji Baffa daga can gaba. "Ɗiyar ta yi aman?"

Ya tako da kansa, ya leƙa. Kunnensa ne ya yi nauyi, idonsa lafiya lau. Ya kalli tayar, ya kalli yadda bayan motar ya zauna, ya miƙe.

"Buɗe mani in ɗauki dawata," ya ce. "Mu munka saba da ƙafa. Ku tafi."

Bai faɗa da fushi ba, kuma hakan ya fi ciwo. Gwaggo ta fara gyara tob ɗinta. Inna ta juya baya, na san kuka take so ta yi, don gobe duk ƙauye zai ji cewa 'ya'yan marigayi sun sauke wan ubansu a kan tur'a da buhu a ka.

"Wallahi ba za ka taka ba, Baffa," in ji Yaya. "Sai dai in bar motar nan." Ya juyo gare ni. "Ustaza, ki yi magana. Mi za a yi?"

Duk suka zuba mani ido. Na kalli ƙasa. A binciken da na yi na ga yadda masu irin waɗannan motoci suke lanƙwasa bakin rafraf don ya ba taya wuri, da ƙarfe na musamman, ko da gungumen sanda in babu. Na faɗa masa, na kuma faɗa masa cewa fentin zai tsage, ƙarfen ba zai koma yadda yake ba.

Ya shafa rafraf ɗin da tafin hannu, kamar yadda na ga yana yi kowace safiya. Sannan ya ce, "Baffa, ara mani sandarka."

Da farko muka cire tayar da zare ya fito, muka sa tsohuwar ƙafar da ke ajiye a ƙarƙashin buhuna. Ita gajera ce siririya, ba ta kai ƙarfen ba, amma motar ta ɗan ƙara karkata wajen ruwa. Sai ɗaya gefen, inda yankan bai yi zurfi ba. Yaya ya cusa sandar tsakanin taya da rafraf, ya danne ta da dukan ƙarfinsa. Ni da Inna da Gwaggo muka riƙa tura motar a hankali, Baffa ya zura hannu ta taga ya riƙe sitiyari. Sandar ta birgima, ƙarfe ya yi ƙara, fenti ya riƙa tsagewa yana zuba kamar ɓawon ƙwai. Yaya ya runtse ido.

"Danna, ɗan nan," in ji Baffa. "Wagga sanda ta kashe kumurci, ba ta jin tsoron gwangwani."

Muka yi gaba, muka yi baya, har bakin ƙarfen ya kwanta. Aka mayar da kaya, manya suka shiga. Na zura hannu. Yatsu biyu suka shiga.

"Shigo mana," in ji Inna.

Na ce a'a. Ba don ladabi ba ne, kuma ba don rage nauyi kaɗai ba. Ba zan iya sake zama bayan tagar nan ba. Na ce wa Yaya ya tafi da gudun mai tafiya a ƙasa, ya bar ƙofar Baffa a ɗage ba a kulle ba, ni zan bi su ina kallon tayoyin, in na buga but ya tsaya.

Haka muka yi sauran hanyar. Rana ta take, ƙura tana shiga idona, takalmin sunan da na saka yana cin diddigena. Idona yana kan baƙar robar da jan ƙarfen, suna matsowa suna rabuwa a kowane rami. Da muka iso lanƙwasar, motar ta karkata, tsohuwar tayar ta taka gefen da ruwa ya ci, wani ɓangaren ƙasa ya ɓalle ya faɗa tur'a da ƙara. Ta gilashin baya ina ganin kan Inna. Na ɗora hannuwana biyu a kan but kamar zan iya riƙe mota. Tayar ta murza laka, ta kama, ta hau.

Ban san ina kuka ba sai da muka sauka daga gaɓar, muka shiga tsakanin gonakin riɗi, inda ƙasa take shimfiɗe hagu da dama. Can ne na yi aman da na yi alkawari, a gindin wata tumfafiya. Gwaggo ta riƙe mani goshi tana cewa, "Ashe da gaske take, baiwar Allah."

A gidan suna Baffa ya yi ta nuna wa mutane jan fentin da ya manne a sandarsa. Bai ce an so a sauke shi ba. Cewa ya yi motar ɗan ƙanensa ta gaza a hanya, sandarsa ta gyara ta. Da za mu dawo, muka bi doguwar hanya ta kwalta, ko da yake ta ninka tafiyar.

Bayan sati Yaya ya koma wurin bansharji ya sa aka mayar da tsofaffin ƙafafun duka huɗu. Ya ce tunda ba zai iya wuce mutane a hanya ba, gara motar ta san haka. Rafraf ɗin dama yana nan a lanƙwashe, tsatsa ta bi tsagin fentin. Jant ɗin nan masu ƙyalli kuwa Inna ta karɓi biyu ta ɗora randunan ruwa a kai, ta ce sun fi duwatsu zama daidai. In na je gida hutu, nakan sha ruwa daga kansu. Amma har yau, kafin in shiga kowace mota, sai na ƙirga ƙofofinta, sannan in sunkuya kamar ina gyara takalmi, in kalli tazarar da ke tsakanin taya da ƙarfe.